Ƙarfen da Maganaɗisu Bai Kama Ba

A layin masu walda babu wanda bai san Guduma ba, kuma mafi yawansu da fatar jikinsu suka san shi. Ba shi ne sunan da uwarsa ta kira shi da shi ba. Ya samo shi ne ranar da wani dillali ya kawo masa baƙin ƙarfe da aka shafe da fenti mai ƙyalli, ya rantse masa cewa farin ƙarfe ne, irin wanda ba ya tsatsa. Guduma bai yi masa musu ba. Ya ciro maganaɗisun da ke rataye a wuyansa, ya kai shi jikin ƙarfen, maganaɗisu ya manne ɗaf. Sai ya ɗago kai, ya dubi dillalin, ya sauke masa dunƙule a tsakiyar fuska. Waɗanda suka ji ƙarar suka ce kamar an buga guduma a kan ganga. Dillali ya durƙusa yana lalube haƙoransa a cikin garin ƙarfe, suna kuwa ya zauna daram.

Maganaɗisun nan gadon ubansa ne. Daga bayan wata tsohuwar lasifika aka ciro shi, baƙi ne, zagayayye, gefensa ya ɓantare. Uban ma mai walda ne, mutum mai ƙarancin magana da saurin hannu. Da guntuwar wayar walda ya koya wa ɗansa sana'a, har yau kuwa idan Guduma ya tuɓe riga ana iya karanta darussan a gadon bayansa. Ƙa'idar tsohon guda ce, ita ce kuma ƙa'idar layin gaba ɗaya: abin da maganaɗisu ya kama baƙin ƙarfe ne, ruwa zai ci shi, abin da ya ƙi kamawa fari ne, ko a rijiya ka jefa shi ba abin da zai same shi.

"Mutum zai yi maka ƙarya," in ji tsohon, "wannan ba zai yi ba."

Iyayen suka rasu kusa da kusa, suka bar masa shago da ƙaramin ƙane, wanda kowa ke kira Auta. Guduma ya raini yaron da irin rainon da ya sani. Wayar da ta ci bayansa ita ta ci bayan ƙanensa. Sai dai shi kaɗai ke da wannan izini. Wata rana wani ƙato ya mari Auta a bakin famfo, Guduma ya je ya tsoma kan mutumin a cikin durom, yana ɗago shi yana mayarwa, har sai da mata suka cika unguwa da salati.

"Ƙanena ne," ya ce wa waɗanda suka riƙe shi. "Ni kaɗai ke dukansa."

Shi da kansa ya ja Auta ya kai shi makarantar koyon sana'a, shi ne kuma ya yi ta yi masa gori da ita daga baya, yana kiransa Malam. Auta ya girma, ya yi aure, ya zama mutum mai sanyin hali, ga shi Allah ya yi masa baiwa a hannun dama. Idan ya ja walda, ɗinkin yakan fito jere ras kamar ɓawon kifi, babu tudu babu kwari. Guduma bai taɓa yaba masa ko sau ɗaya ba. Amma matarsa ta sha kama shi, idan ta kawo abinci shago ba kowa, yana shafa ɗinkin Auta da babban yatsa kamar mai shafa kan jariri.

"Na gan ka," takan ce.

"Kin ga me? Duba nake ko ya ɓata min aiki."

"To, duba a hankali, kada murmushi ya kashe ka."

Wanda ya kawo ƙarfen da wannan labari ya rataya a kansa shi ne Sikeli, mai sayar da tsofaffin ƙarafa, wanda tun ranar dillalin fenti ba ya tsayawa inda hannun Guduma zai iya kaiwa. Fallaye ne manya, launin toka mai haske, daga wata masana'anta da ta rufe. Guduma ya ɗaga gefen guda ya ji ya fi baƙin ƙarfe rashin nauyi. Ya ƙwanƙwasa shi, ya yi amo mai daɗi. Ya kai maganaɗisu, maganaɗisu ya zame ya faɗo yana lilo a ƙirjinsa. Ya sake kaiwa, ya sake zamewa.

"Ni dai ban ce fari ne ba," in ji Sikeli daga nesa. "Ka zama shaida, Auta. Bakina alaikum."

"Wa ya tambayi bakinka?" in ji Guduma. "Wanda nake tambaya ya riga ya ba ni amsa."

Da falle na farko suka yi tankin ruwa na gidan Guduma. Aka ɗora shi a bayan ɗaki, ruwan famfo na shiga, na sama ma na shiga idan damina ta faɗi. Rani ya zo ya wuce, damina ta zo ta wuce, aka sake zagayowa. Idan ka leƙa ciki sai ka ga jikin tankin ya ɗan dusashe kawai, ruwa kuwa garau. Guduma ya mai da tankin nan abin nuna wa baƙi. Sauran fallayen ya jingine su a ƙuryar shago, ya ce sai babban aiki ya zo.

Babban aikin ya zo da Mai Ƙanƙara, wani dattijo mai tumbi da yawan dariya, wanda ke da gidan yin ƙanƙara a ƙarshen titi. Aikinsa kuwa ga yadda yake: akwai babban tanki cike da ruwan gishiri mai kauri, inji na sanyaya shi har ya wuce sanyin ƙanƙara amma ba ya daskarewa saboda gishirin. A cikinsa ake jera dogayen gwangwanaye na ruwan sha, su daskare, a zaro su da ƙugiya. Tsohon tankinsa na baƙin ƙarfe ya ruɓe, yana son na farin ƙarfe. Ya zo da babban ɗansa, wani dogon saurayi da ake kira Siriri, wanda shi ke kula da injin.

Guduma ya kai su gida ya nuna musu tankinsa. Ya ba Siriri maganaɗisu ya ce ya gwada da hannunsa. Aka yi dariya, aka tafa, aka rabu a kan magana.

Tun ranar da aka fara yanka fallayen Auta ya kasa sakewa. Tartsatsin da ƙarfen ke fitarwa a bakin injin yanka ba irin na farin ƙarfe ba ne. Hayaƙin waldarsa ruwan ƙasa ne, yana barin ɗaci a maƙogwaro da ciwo a goshi. A wancan karon, da suka yi tankin gida, ya lura ya yi shiru. Wannan karon ya sa guntu a aljihu ya kai wa tsohon malaminsa, ya dawo ya zuba ruwa da gishiri a gwangwanin madara, ya jefa guntun ciki, ya tura ƙarƙashin benci. Ya bari sai da ƙarfen ya kwana biyu a ciki, sannan ya sami yayansa yana auna kusurwa.

"Yaya, ina da magana."

"Yi ta da hannu, bakinka ba ya walda."

"Ƙarfen nan ba fari ba ne. Na kai wa malaminmu. Ya ce an cika shi da manganis da alminiyum, shi ya sa ba shi da nauyi, shi ya sa kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Ba don ruwa aka yi shi ba."

"Tankin gidana fa? Da yashi nake cika shi?"

"Alminiyum ɗin da ke ciki yana yi masa wata 'yar fata a sama, siririya, ido ba ya gani. A ruwan famfo fatar tana riƙewa. Gishiri kuwa huda ta yake yi, ya shiga ta ƙananan ramuka ya yi ta ci ta ciki kamar gara. Inda muka yi walda ya fi rauni, don wuta ta riga ta taɓa wurin. Duba ka gani."

Ya miƙa gwangwanin. Ruwan ya yi ja-ja, jikin guntun kuma ya yi ɗige-ɗige kamar fuskar mai ƙyanda.

Guduma ya dubi gwangwanin. Ya dubi ƙofar shago, inda maƙwabta biyu suka tsaya da kunnuwa a miƙe. Abin da ya ji a lokacin ba maganar ƙarfe ba ce. Ji ya yi yaron da ya goya yana cewa ubansu maƙaryaci ne, a gaban mutane. Ya ciro guntun ƙarfen daga cikin ruwan ya wurga masa a fuska. Kaifin ya tsaga girar Auta ta hagu, jini ya rufe masa ido. Kafin ya dafe wurin, mari ya sauka a kunnensa, ya faɗi kan tarin sandunan walda.

"Ko wane ƙarfe ka jiƙa a gwangwanin madara sai ya yi ja, jakin banza! Gwangwanin ne ke tsatsa! Tashi ka ɗauki abin aikinka. Idan na sake jin manganis a shagon nan, sai na haɗa bakinka da walda."

Matar Guduma ce ta wanke ciwon da yamma. Da ta gama ɗaure wa Auta kan, sai ta juyo wajen mijinta.

"Baban yara, dutsen nan na wuyanka ba shi da ido, kai kana da biyu. Wallahi wata rana sai ya ja ka ya manna da abin da ba za ka iya ɓanɓarewa ba."

Ya harbi bokitin da ke gabansa ya fita.

Auta ya yi waldar. Ya yi ta da kyau, mafi kyawun da ya taɓa yi, kamar kyan ɗinki zai iya sauya halin ƙarfe. Ranar da aka kai tankin aka ɗora shi kan dakalinsa, ya matsa kusa da Mai Ƙanƙara, ƙyalle na ɗaure a girarsa.

"Baba, don Allah a riƙa duba gindinsa. Idan aka ga wani ɗigo ja..."

Hannun Guduma ya sauka a ƙeyarsa ya matse.

"Rabu da shi, Alhaji. Boko ne ke damunsa."

Mai Ƙanƙara ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Kai Guduma, ka bar yaro ya yi numfashi mana."

Tankin ya yi aiki tsawon wani rani da damina. Ɗigon ja ya fito, amma ta ciki ya fito, can ƙasa, inda ruwan gishiri ya yi duhu ba mai gani. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, tsakiyar zafi, masu baro sun yi layi a ƙofa suna jiran ƙanƙara. Ɗinkin gindin tankin ya buɗe daga wannan kusurwa zuwa waccan da ƙara kamar an yaga sabon yadi. Ruwan gishiri mai sanyin mutuwa ya kwararo, ya kwashe gwangwanaye, ya kayar da ma'aikata, ya doshi bangon da akwatin wutar lantarki yake. Siriri ya ga mutane a cikin ruwa, ya ga ruwa na hawa. Ya ruga ya kama makunnin da jiƙaƙƙen hannu don ya kashe. Ya kashe ɗin, kowa ya tsira. Amma wutar ta riƙe shi kafin ta sake shi, ta dafa hannunsa na dama har ƙashi. A asibiti likitoci suka yanke shi daga wuyan hannu.

Labari ya riga mutanen isowa layin masu walda. Guduma ya ji, ya tsaya da injin yanka a hannu yana ta juyi bai kashe ba. Ya ce wa Auta ya tafi gida. Auta ya ce ba inda za shi.

Washegari da rana tsaka suka zo. Mai Ƙanƙara ne a gaba, rigarsa ta jiya ce a jikinsa da jinin ɗansa a ƙirji, dariya ta bar fuskarsa kamar ba ta taɓa zama a wurin ba. Bayansa ƙannensa biyu da ma'aikatansa, kowa da ƙugiyar jan ƙanƙara. Guduma ya waiga dama da hagu. Ƙofofin shaguna na rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan Guduma ya taɓa fasa masa baki, wancan ya taɓa karya masa yatsa a kan aron abin aiki, na can kuwa shi ne ɗan uwan dillalin da ya zubar wa haƙora. Layin da ya yi shekaru yana shukawa, ranar ya ga abin da ya tsiro.

"Ba wurinka na zo ba," in ji Mai Ƙanƙara. Muryarsa ta dushe. "Na duba tankin. Waldar ce ta buɗe. Wa ya yi waldar?"

Guduma ya matsa ya tare bakin ƙofa.

"Kowa ya san wa ke yi maka walda. Hannu aka cire wa ɗana. Hannu na zo karɓa."

Guduma ya ɗauki guntun bututu. "Duk wanda ya tsallako bakin ƙofar nan, uwarsa ta haifi wani."

Suka tsallako. Na farko ya sami bututu a haƙarƙari, ya nannaɗe a ƙasa yana neman iska. Na biyu Guduma ya kama wuyan rigarsa ya haɗa goshinsa da ƙofar ƙarfe, hancin ya fashe. Ƙugiya ta shiga kafaɗarsa ta baya ta ja, naman ya buɗe, bai ma waiga ba, ya mai da gwiwar hannu ya sami mai ita a maƙogwaro. Benci ya kife, kwalaben gas suka yi ta birgima, gilashin walda ya tarwatse a ƙarƙashin ƙafafu. Ya ciji kunnen wani har ya ji gishirin jini a bakinsa. Yana cikin wannan hali wani abu mai kama da daɗi ya taso masa, don wannan ne yaren da ya fi iyawa a duniya. Sai wani ya zagayo ya sauke masa sarƙa a bayan gwiwa. Ya durƙusa. Mutum huɗu suka hau shi, suka danna fuskarsa cikin garin ƙarfe.

Da ido ɗaya ya ga abin da ake yi. A tsakiyar shagon akwai guntun ƙarfen titin jirgi da suke miƙe ƙarfe a kansa. Sun jawo Auta, sun shimfiɗa hannunsa na dama a kai, wani ya take wuyan hannun da takalmi. Auta bai yi kokawa ba. Yatsunsa kawai ke motsi, suna buɗewa suna rufewa. Mai Ƙanƙara ya sunkuya ya ɗauki babbar gudumar shagon da hannu biyu.

Guduma ya yunƙura, aka sake danne shi. Ya gane cewa ko da ya kashe mutum biyu a cikinsu, gudumar za ta riga shi sauka. Ƙarfinsa, wanda bai taɓa ba shi kunya ba, ya tashi a banza. Abin da ya rage masa baki ne, shi kuwa bai saba aiki da shi ba.

"Alhaji!" Ƙasa ta cika masa baki, ya tofar. "Alhaji, dubi girarsa!"

Mai Ƙanƙara ya tsaya da guduma a sama.

"Dubi tabon da ke girarsa ta hagu. Ka tuna ranar da muka kawo tanki, kansa a ɗaure? Ka tuna ya ce maka a riƙa duba gindin, na shaƙe shi, kai kuma ka yi dariya? Ka tuna ko ba ka tuna ba?"

Gudumar ta ɗan sauko.

"Ya gaya min ƙarfen ba zai ɗauki gishiri ba. Ya jiƙa shi ya nuna min da idona. Da guntun na fasa masa fuska. Waldarsa ba ta da aibi, je ka duba, ƙarfen gefenta ne ya ruɓe. Ni na zaɓi ƙarfen, ni na sa shi dole. Hannun da kake nema ga shi nan a jikina."

"Yaya, yi shiru," in ji Auta.

"Kai ne za ka yi shiru, don ubanka! Manya na magana."

Wanda aka karya wa haƙarƙari yana ta nishi a ƙasa. Mai Ƙanƙara ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya yi wa mutanensa alama da kai. Aka ɗaga takalmi daga hannun Auta, aka ja shi gefe, mutum biyu suka riƙe shi, don yanzu ne ya fara kokawa yana kiran sunan Allah. Waɗanda ke kan Guduma suka sassauta. Yana iya tashi ya sake ɗaukar bututu, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Ya ja gwiwa ya isa wurin ƙarfen. Ya goge tafinsa a wando, ya shimfiɗa hannun dama a inda na ƙanensa ya bar gumi.

"Ba sai an take ba," ya ce.

Sau biyu gudumar ta sauka. Ta farko ta sami yatsu, ta biyu ta sami bayan hannu. Ƙarar ba ta da girma, kamar an taka busasshen kara. Guduma bai yi ihu ba, iska ce kawai ta fita daga bakinsa da wani sauti irin na tsohon zugazugi. Mai Ƙanƙara ya saki gudumar, ya dubi abin da ya yi, ya juya ya yi amai a bakin ƙofa. Ya fita yana kuka kamar yaro, mutanensa na biye da shi, suna ɗauke da waɗanda ba sa iya tafiya.

Sai a lokacin ƙofofin layin suka fara buɗewa.

Da 'yan sanda suka same shi a gadon asibiti, Guduma ya ce ƙarfe ne ya faɗo masa. Suka tambayi kafaɗar, ya ce ƙarfen ne dai. Jami'in ya ce wannan ƙarfe akwai naci. Guduma ya ce ai shi ya sa ake ce masa ƙarfe. Daga nan ba a sake samun wata kalma daga bakinsa ba, Auta ma da ya buɗe baki sai ya sami harara ya rufe.

Hannun bai rabu da jikinsa ba, amma ya warke a lanƙwashe, yatsun sun haɗe sun dunƙule kamar ƙugiya. Ba ya riƙe sandar walda, ba ya riƙe cokali, ba ya iya marin kowa. Matarsa ce ke ɓalle masa maɓallan riga, shi kuma yana zaginta ƙasa-ƙasa, ita kuwa tana cewa, "Zagi dai, ai shi ya rage maka." Da hagu ya taɓa gwada kai wa wani mai baro duka, ya kuskure, ya faɗi zaune. Layi ya yi dariya. Da ne da sai an kwashi mutane, amma ranar ya zauna a inda ya faɗi, ya jira aka gama.

Gidan ƙanƙara ya sake buɗewa da tankin da wasu suka yi. Siriri yana nan, yana kula da injin da hannu ɗaya. An ce bai san abin da ubansa zai yi ba, an ce kuma da ya ji bai ce an kyauta ba, bai ce ba a kyauta ba. Ba ya bin layin masu walda. Idan tafiya ta kama shi wajen, zagayawa yake yi ta bayan kasuwa. Guduma ya taɓa hango shi daga nesa, ya miƙe tsaye, bai san abin da zai yi da tsayuwar ba, ya koma ya zauna.

Tankin bayan ɗaki yana nan, ruwansa garau har gobe. Guduma ya ce a sauke shi, ba ya son ganinsa. Matarsa ta ce tanki bai yi laifin komai ba, an ba shi ruwan da zai iya ne ya riƙe, kuma duk wanda ke son a sauke shi ya hau ya sauke da kansa.

Yanzu Auta ke riƙe da shagon. Guduma yana zama a bakin ƙofa kan wata kujerar mota da aka ciro, kusa da shi akwai katako da aka jera wa kwalabe masu faɗin baki. Kwalabe ne, ba gwangwani ba, don ya ce kada wani jaki ya zo ya ce gwangwanin ne ke tsatsa. Wasu ruwan famfo ne a ciki, wasu ruwan rijiya, wasu ruwan gishiri mai kauri. Kowace da guntun ƙarfe a kwance a gindinta. Da safe yakan ɗaga su ɗaya-ɗaya da hannun hagu ya duba a hasken rana, yana motsa baki.

Kwanan baya Sikeli ya turo baro da sababbin fallaye masu ƙyalli. Yanzu har bakin ƙofa yake isowa. Guduma ya ciro maganaɗisu, don har yanzu yana wuyansa, ya kai jikin ƙarfen. Ya zame ya faɗo.

"Ka gani?" in ji Sikeli. "Fari ne tas. Uban gidanka na wuya ma ya faɗa."

"An tambaye shi ya faɗi abin da ya sani," in ji Guduma. "Malam! Zo ka yanko min guntu uku. Ka ja wa ɗaya walda a tsakiya."

"Haba Guduma, wai sai ya yi wanka kuma? Ina da masu saye suna jira."

"Su jira. Ya kwana a gishiri tukuna, mu ga fuskarsa."

Auta ya ɗaga murfin walda daga fuskarsa ya fito da injin yanka. Ya yanko, ya ja ɗan gajeren ɗinki a kan guda, ya tsoma a ruwa ya huce, ya miƙa wa yayansa. Guduma ya karɓa. Kafin ya jefa shi a kwalba ya ɗora shi a gwiwa, ya bi ɗinkin da babban yatsan hagu tun daga farko har ƙarshe, a hankali, a gaban kowa.

"Ya yi?" in ji Auta.

"Koma bakin aikinka," in ji Guduma.